Hattara da mai tallar Honda CB400 da sunan gwanjon Kwastan

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar manyan babura. Akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp yana tallar tsofaffin babura 'yan Japan, musamman Honda CB400 Super Four, wai gwanjon Kwastan ne da aka fitar daga tashar jiragen ruwa ta Legas. Kada kowa ya tura masa ko sisi. Ya riga ya wanke wani yaro da ke zuwa garejinmu koyon gyara, ya cinye kuɗin da yaron ya daɗe yana tarawa. Kama sunan shafinsa ba zai amfana da komai ba, domin kusan kullum canza shi yake yi, ga lambobin waya barkatai. Salonsa ne dai bai canza ba.

Zai saka hotunan babur tsaf, fenti na ƙyalli, a kusan rabin farashin kasuwa. Kana yin magana sai ya kira ka da kansa, "Alhaji, ranka ya daɗe," ya ce yayansa babban jami'i ne a Kwastan, guda uku kacal suka rage, kuma wani daga Abuja na hanya. Da farko kuɗin fom zai nema, ɗan kaɗan, wanda ba zai yi maka ciwo ba. Sai kafin alƙalami. Bayan nan sai kuɗin fito da na direban tirela. Daga nan wani ya kira ka da ƙarar mota a bayansa, ya ce shi ne direban, an tsare su a hanyar Lokoja, sai an biya tara. Duk lokacin da ka ja baya za a tuna maka abin da ka riga ka zuba, a ce zai bi ruwa. Asusun da ake ba ka na mutum ɗaya ne, sunan ma ya saba da na mai tallar.

Hukumar Kwastan ta sha fitar da sanarwa a kan irin waɗannan. Tun 2017 ta mayar da gwanjonta ta intanet a shafinta, kuma ba a biyan kuɗin gwamnati cikin asusun wani ɗan uwan jami'i.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutumin bai ma san kayan da yake ƙarya a kai ba. Ya rubuta "CB400 Hyper VTEC, samfurin 1995." Babu wannan babur a duniya. Honda ta fara Super Four a 1992, injin 399cc mai silinda huɗu a jere, mai lagireto, kuma lambar shasinsa tana farawa da NC31. Sai a 1999 aka fito da NC39, shi ne na farko mai VTEC. A wancan samfurin kowace silinda bawul biyu take aiki da su, sai inji ya kai wajen juyi 6,750 a minti sannan sauran biyun su buɗe. Wanda ya taɓa hawa ya san yadda muryar babur ke sauyawa a daidai nan. NC31 ba ya yin haka ko da ka lulluɓe shi da sitikar VTEC. Daga baya aka yi NC42, wanda ya bar kafireta ya koma injekta. To duk mai sayarwa na gaskiya zai karanto maka lambar nan daga wuyan babur, gefen dama, ba tare da gardama ba. Shi kuwa wannan da aka tambaye shi, lamba mai harufa 17 ya turo, alhali baburan da aka yi don kasuwar cikin Japan gajeriyar lamba gare su, NC31 ko NC39, sai ɗan layi, sai alƙaluma bakwai. Har da harafin O a cikin tasa, wanda ba a sa shi a lamba mai harufa 17, shi da I da Q.

Ku ce masa ya rubuta kwanan watan yau da sunanku a takarda, ya ɗora a kan tanki, ya yi bidiyo yana zagaya babur har zuwa lambar shasi. Amsarsa ɗaya ce: an hana shiga da waya cikin tasha. Hotunan kuwa, a bayan ɗaya ana hango allon shago da rubutun Japananci.

Wani abokin sana'armu da ke Legas ya matsa sai ya gani da ido, sai aka haɗa shi da "yaron oga" a wani lungu. Babur na nan kam, amma ba na hoton ba ne. Ya tarar da injin da zafinsa, an tayar tun kafin ya iso, don kada ya ji yadda yake wahalar tashi da sanyi ko ya ga shuɗin hayaƙin farko. Baƙin man da ke ciki mai kauri ne sosai, irin wanda ake durawa don a danne ƙarar inji. Da ya shafa wuyan babur ya ji wurin lambar ya ɗan lotsa, an goge da giranda an sake bugawa, alƙaluman ba su ma jeru daidai ba, sabon fenti a nan kaɗai. Irin wannan ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, domin in na sata ne kai za a kama da shi. Takardar biyan kuɗin fito kuma aka ce tana wajen oga.

In za ku sayi tsohon CB400, ku je da bakaniken da ya saba da mai kafireta huɗu, ku iske injin da sanyi. Bayan ya tashi da ɗan lokaci a gwada bututun salansa huɗun nan a hankali, in ɗaya bai yi zafi ba to silindar ba ta aiki. A auna caji a kan batir, ya kamata ya kai wajen bolt 14 in an ɗan ja mai, don na'urar daidaita caji ta Honda na shekarun nan tana yawan ƙonewa. Lambar shasi da ta inji su dace da takardu kafin a yi maganar kuɗi.

Wanda ya riga ya tura, ya kira bankinsa yanzu ya nemi a sa wa asusun da aka tura takunkumi, ya adana rasit da hirarrakin da lambobin da aka kira shi da su, ya kai ƙara wajen 'yan sanda ko EFCC. Masu kula da zauruka kuma, don Allah in kun ga tallar nan ku goge, ku fitar da lambar da ta turo.