Akwatin tsirar da iri a duhu: ya yi, sai dai koriyar fitilarsa

Duk malamin da ya taɓa gwada tsirar da iri a duhu ya san cewa samun duhun ne aikin. Kwali da kabad duk suna yoyon haske. Wannan akwatin kuwa ƙofarsa biyu ce, da roba a bakin kowacce, kuma waken da na shuka a ciki ya fito yadda ake so: kara dogo siriri fari fat, wuya a lanƙwashe, ganye ƙanana rawaya a naɗe.

Fitilunsa ne suka fi burge ni. Akwai fara, akwai ja mai nanomita 660 (ma'aunin tsawon zangon haske ke nan), da wata ja ta 730 wadda ido da ƙyar yake ganinta. Na haska wa tire ɗaya jar na ɗan lokaci na mayar da shi duhu. Washegari wuyan ya fara miƙewa, amma ganyen na nan rawaya. Wani tiren da na haska wa jar, na bi shi da ta 730 nan take kuwa, kusan kamar ba a taɓa shi ba, domin ita ke mayar da fitokurom, sinadarin da tsiro ke jin jan haske da shi, yadda yake tun farko.

A nan ɗalibai suka gane cewa haske aiki biyu yake yi. Yana ba da umarni, yana kuma shiga cikin ginin da kansa. A duhu, ƙwayoyin ganye na ɗauke da etiyoplas, wato ƙananan jakunkunan da za su zama kore in sun sami haske, cike da dunƙulen bututu mai tsarin saƙar zuma, da sinadarin da zai zama kulorofil, wato koren ganye. Inzayim ɗin da ke juya shi zuwa kulorofil, mai suna POR, ba ya aikin sai haske ya sauka a kansa. Shi ya sa walƙiya ɗaya ba ta isa. Tiren da na bari ƙarƙashin farar fitila sai da ya yi wasu sa'o'i kamar babu abin da ke faruwa, sannan kore ya taso, cikin kwana biyu ya yi shar.

Inda akwatin ya gaza: koriyar fitilar da ake duba tsiro da ita a duhu ta cika haske, kuma ba a iya rage ta. Takardar bayanin ta ce tsiro ba ya jinta, wanda ba gaskiya ba ne, yana ji in ta yi yawa. Ni dai na lulluɓe ta da takarda ninki biyu. Agogon ciki ma in wuta ta ɗauke sai ya koma sifili, don haka a riƙa rubuta lokacin kunnawa a gefe.