Jika biyun da na biya don labarin ruwan damana

Iri da takin zamani nake saidawa a Maradi, muna kuma da gonar gado kan hanyar Tibiri, ni da yayana. A bazarar 2024 wani yaro da ya gama jami'a ya shigo shagona yana tallar hidimarsa: ka ba shi jika biyu, ya sa lambarka cikin mutanensa, daga Afrilu har Oktoba yana aiko maka da labarin ruwa ta WhatsApp. Saƙon iri biyu ne. Akwai babba guda kafin shibka, mai faɗin yadda ake zaton damanar za ta kasance, akwai kuma ƙanana na kowace safiya. Na biya a 2024, na sake biya a 2025, don haka ina ganin na isa in tofa albarkacin bakina. Sunansa dai ba zan kama ba. Yaron kirki ne, kuma akwai inda zan taɓa shi.

Ranar farko na ce masa, "Ɗana, kai da ko fartanya ba ka riƙewa, ina ka san ruwan Agusta tun cikin Afrilu?" Ya ce, "Baba, ba ni na sani ba. Teku ake tambaya." Dariya ta kama ni, don teku ba baƙona ba ne. Na yi shekaru ina zuwa Kwatano ɗaukar kaya, na san tsakaninmu da bakin ruwan nan ya wuce kilomita 800. Me ya haɗa hatsin Tibiri da shi?

Sai ya ja kujera ya buɗe mini taswira a wayarsa. Tekunan duniya ne, cike da ɗigo-ɗigo kamar an watsa wa kaji tsaba. Ya ce kowane ɗigo na'ura ce da ke bisa ruwa a wannan lokacin da muke magana. Da ya kwatanta mini siffarta sai na tuna da goran da masunta ke hawa a tafkin Madarunfa, tun ranar kuma gora nake ce mata, shi ma ya bi ni. Girmanta bai fi na tulu ba. A ƙarƙashinta an ɗaura wata doguwar jakar yadi mai huji-huji, tana rataye wajen mita 15 cikin ruwa, don kada iska ta riƙa kora goran inda ta ga dama, ruwa kaɗai zai ja shi. Yana tafiya yana auna ɗumin ruwan sama-sama, wasu har da nauyin iska, yana aika wa tauraron ɗan'adam sa'a-sa'a tare da inda ya kai. Daga tafiyarsa ake gane inda igiyar ruwa ta nufa da saurinta. Babu mai tuƙi, babu mai gadi. Jiragen ruwa ne ke jefa su in za su wuce, kowane ya yi shekara da ɗoriya batirinsa ya mutu ko ruwa ya kai shi gaɓa, shi ya sa kullum ake zuba sababbi. Hukumar NOAA ta Amurka ke jan ragamar aikin tare da wasu ƙasashe. Abin da suka sa gaba shi ne gora 1,250 a ruwa a kowane lokaci, a 2005 suka cika wannan adadi.

Waɗannan na sake ke nan. Akwai kuma na turke, manya, waɗanda aka ɗaure da igiya har gindin teku. Na tambaye shi amfanin turke tunda ga na sake da yawa, amsar da ya ba ni ita ta fara sa na yarda ya san abin da yake faɗi. A daidai tsakiyar duniya ruwa yana tasowa daga ƙasa ya bazu kudu da arewa, sai ya ture gorunan sake gefe, wurin ya zama fayau. Nan ne kuma aka fi bukatar awo. Don haka a 1997 Burazil da Faransa da Amurka suka haɗu suka kafa na turke a tekun Atlantika, shirin da ake kira PIRATA, har akwai guda kudu da Gana. A tekun Pasifik tun 1994 aka gama kafa kusan 70, bayan da ɗumamar ruwan da ake ce wa El Nino ta shammaci masana a 1982. Na uku masu nutso ne, Argo, kusan 4,000, suna sauka har mita 2,000 su taso duk kwana goma su kawo labarin abin da ke ƙasa. Wani abin ban dariya da ban haushi: kifi na son inuwar goran turke, masunta kuma na bin kifi, sai su ɗaure jirgi a jikinsa, wani lokaci su lalata shi. Na ce ashe ko a teku akuyar maƙwabci na shiga gona.

Yadda abin ya shafe mu kuwa, duk manomi ya san rabinsa. Kowa ya san in iskar hunturu ta kwanta, ta bazara ta juyo daga kudu maso yamma, ruwa ya kusa. To iskar nan daga teku take ɗauko laima. Daga wajen watan Mayu zuwa Yuni ruwan Mashigin Gini yakan yi sanyi, ƙasarmu kuwa tana tafasa, wannan bambancin ke jawo iskar ta hauro, har wajen ƙarshen Yuni damana ta baro bakin teku ta tare a wajenmu. Shekarar da ruwan can ya ƙi yin sanyi, ruwa kan yi zamansa a kudu mu kuma mu yi ta kallon sama. Yaron ya ce haka aka gani a 1984. Ban bar shi ya ƙarasa ba, don ni na ga 1984 da idona, shekarar yunwar da muke kira El-Buhari, shi kuwa ko auren uwarsa ba a yi ba. El Nino ma yakan zo mana da ƙarancin ruwa, kishiyarsa La Nina takan zo da yalwa, ko da yake ba kowace shekara abin ke bin ƙa'ida ba.

Babban saƙon ya iso ƙarshen Afrilu, murya ce da Hausa. Ya ce masanan ƙasashen Sahel sun zauna, ciki har da na cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974, sun duba yanayin tekuna: El Nino na 2023 yana mutuwa, Atlantika ta wajen arewa ta yi ɗumi ƙwarai, kuma abin da ya fi rinjaye shi ne ruwa sama da yadda aka saba, a yi hattara da ambaliya. Abin da na yaba, bai ce za a yi kaza ba. Ya bayyana cewa gida uku ake rabawa, sama da yadda aka saba, daidai, da ƙasa, sai a faɗi gidan da ya fi nauyi. Wani malami abokin cinikina da na kunna masa saƙon ya ce ai wannan ba shiga gaibu ba ne, kamar ka ga hadari ya haɗo ne ka kwashe shanya, ruwa dai na Allah ne.

Na yi aiki da maganar. Na ƙaro taki fiye da yadda na saba, don shekarar ruwa mutane sun fi sakin kuɗi su saya. Na sa aka jera katako a mangaza aka ɗaga buhuna daga ƙasa, aka sake yaɓen bangon gabas, aka gyara indararo. Na kuma roƙi yayana kada mu sa hatsi a kwarin da ke gefen gulbi. Ya ce, "Kai dai ƙanena, tun kana yaro kake son abin banza." Amma ya bari. Ƴan Maradi ba sai na tuna musu ruwan ƙarshen Agusta 2024 ba, gidaje sun zube, an yi rashin rayuka, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ruwa ya shiga mangazata har idon sawu, bai taɓa buhu ko ɗaya ba. Wani da muke layi guda takinsa ya narke ya zama kunu. In don wannan kaɗai ne, jika biyu ta biya kanta sau ba adadi.

Saƙon safiya kuwa, nan muka samu saɓani. Cikin Yuni aka yi ruwa mai ɗan dama, saƙo ya zo cewa akwai wani mai ƙarfi gobe da jibi. Yaya ya ce mu dakata, ƙasar ba ta sha ba, ya tona da hannu ya nuna mini. Na nace, na ce ai ga abin da waya ta faɗa. Muka shibka tiya shida na hatsin HKP, irin da ni kaina nake saidawa da tsada. Ruwan ya sauka, amma can wajen Jiratawa, mu ko yayyafi. Kwana goma sha biyu rana na dukan tsiro har ya ƙone, sai da muka sake shibka. Har yau in muka yi gardama Yaya sai ya ce in je in tambayi tuluna na Kwatano.

Na kira yaron da faɗa. Bai yi musu ba. Ya ce, "Baba, gora yana ganin teku, ba ya ganin gonarka." Hadarinmu daga gabas yake tasowa, ya zuba wa wannan gari ya tsallake wancan, kuma babu awon teku da zai faɗi wanda zai tsallake. Awon nauyin iskar da gorunan ke aikawa yana shiga kwamfutocin hasashe na duniya, amma abin da ke fitowa na yanki ne mai faɗi. Saƙon safiyar ma, da na matsa, ya amsa cewa daga manhajojin waya yake kwasowa. Na ce to ɗana, wannan maganar a Afrilu ya kamata ka faɗe ta, da bakin da ka yi mini bayanin gida uku. Laifinsa a wurina ke nan: kaya biyu ne masu daraja daban ya ɗaure su a ƙulli ɗaya, mai saye kuma ya ɗauka duk daga buhu guda suka fito.

Akwai ƙananan abubuwa. Ranar da ya yi sauri sai ya turo rubutu da Faransanci yadda ya same shi, alhali rabin mutanensa ba su yi lakkwal ba. Ranar da ya samu sarari kuma murya ce ta minti shida, kafin ta sauka a ƙauye da rezo ɗin nan namu an yi azahar. Mai ƙaramar waya kuwa ba ya ciki sam, su ne kuma manoman gaske. A daren babban ruwan Agusta babu gargaɗin da ya iso mini kafin ya sauko.

Wani zai ce ai hasashen damanar kyauta ne, ƴan meteyo na ƙasa suna faɗinsa a rediyo, taswirar gorunan ma duk mai intanet zai iya buɗewa. Gaskiya ne. Abin da kake saye a wurin yaron shi ne fassara da damar tambaya, ka kira shi ka ce ban gane ba ya sake maka bayani har sau uku bai ƙosa ba. Ga ɗan kasuwa mai mangaza, ko mai shawarar irin da zai tanada, gajere ko dogo, na ce ya biya. Wanda ranar shibka yake nema, ya riƙe jikarsa biyu, ya tona ƙasa da hannu kamar yayana.

A 2025 da ya zo karɓar kuɗi na sa masa sharaɗi: babban saƙo da Hausa, na safiya kuma ya riƙa farawa da cewa na yanki ne, ba na gari ba. Ya cika na farko, na biyun yakan manta. Na kuma sa ya zaɓo mini gora guda a taswira, kudu da Abijan, duk Juma'a in ya biyo shago mu duba inda ya kai. Yamma ya yi ta yi a hankali, wata da watanni. Zuwan yaron na ƙarshe muka neme shi muka rasa, ya ce wataƙila batir ne, wataƙila kuma wani masunci ya ɗauke. Yaya, wanda ke zaune bisa buhun wake yana jinmu, ya ce shi dai shamuwarsa ba ta taɓa ɓata ba, bana ma ta sauka a tsamiyar ƙofar gida.