Firam zalla ko keke cikakke? Amsa ga mai son haɗa keken tsere a Sakkwato

Malam, ka ce ka samu firam ɗin keken tsere na alminiyam wajen masu kayan gwanjo, wato ƙashin keken, shi da fok ɗinsa mai riƙe tayar gaba kawai, ba taya ba giya. Tambayarka ita ce ka saye shi ka riƙa haɗa kayan sannu a hankali, ko ka ƙara haƙuri ka tara kuɗin keke cikakke na hannu. Bari in ajiye maka su gefe da gefe.

Ta fuskar kuɗi, cikakken keke ne ke da nasara, kuma ba da ƙaramar tazara ba. Kamfani yana sayen giya da birki dubbai a farashin sari, kai kuwa ɗai-ɗai za ka saya, kowanne da kuɗin motarsa daga Legas ko Kano, wani ma sai an yo odarsa daga Sin a farashin dala. Lissafa abin da ke gabanka: gargare biyu, tayoyi da tiyub, kaca, haƙoran giya na baya, ƙarfen feda da fedar kanta, birki, hannuwan canza giya, kan keke da wuyansa, sirdi da sandarsa, wayoyin birki. Sauƙin da haɗawa ke da shi ɗaya ne: ba a lokaci guda kuɗin za su fita ba, kamar mai gini ne da ke sayen bulo duk ƙarshen wata.

Amma ba kuɗi ne ke kayar da sabon mahaɗi ba, awo ne. A keke cikakke an riga an yi maka wannan aiki, kowane ƙarfe ya dace da ɗan'uwansa. A firam zalla kai ne za ka yi, kuma kuskuren milimita biyu ya isa ya sa kayan da ka jira wata guda su zama na ajiya.

Fara da ramin da ƙarfen feda ke ratsawa. In ka leƙa ka ga zaren noti a ciki, faɗinsa kuma milimita 68, to mai yiwuwa irin da ake kira BSA ne, wanda ya fi kowanne sauƙin samu da sauƙin ɗaurawa. Ka dai sani cewa ɓangarensa na dama, wajen kaca, ta hagu ake ɗaure shi, haka ma fedar hagu. In ramin sumul yake ba zare, irin su BB86 ko BB30 ne, waɗanda ake danna boris ɗinsu da na'ura ta musamman. Wanda ya sa musu guduma ya gama da firam ɗin. Sai tazarar da ke tsakanin ƙafafun baya: milimita 130 na birkin da ke kama gargare ne, 135 ko 142 na birkin faifai, kuma gargaren wannan ba ya zama a wancan. Sandar sirdi galibi mai kaurin milimita 27.2 ce, amma akwai 31.6 da wasu. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe da giyar baya ke ratayuwa a jikinsa. Kowane firam da irin nasa, don haka in babu shi a jikin wanda aka nuna maka, kada ka yarda da "ai za a samu a kasuwa".

Giya ma haka take. A kayan giya na kamfanin Shimano, samfurin Claris jerin haƙora 8 ne a baya, Sora 9, Tiagra 10, shi kuwa 105 yana zuwa da 11, sabonsa da 12. Hannun giya na 9 ba ya jan haƙora 10 daidai, kacar ma kaurinta ya bambanta. Kai, ko Tiagra 4700 ba ta jituwa da tsofaffin kayan Shimano masu 10, duk da lambar ɗaya ce. Mai tsintar kaya nan da can saboda araha a nan yake faɗawa.

Sai kayan aiki. Cikakken keke makullan alan na 4, 5 da 6 sun ishe ka kula da shi na tsawon lokaci. Haɗawa tana son mabuɗin haƙoran baya, na ramin feda, almakashin waya, da makulli mai auna ƙarfin ɗauri, don ƙusoshin wuyan keke wajen Nm 5 (ma'aunin ƙarfin ɗauri) suke so, a jikinsu ma ake rubutawa. Masu gyaran kekenmu gwanaye ne a kan Phoenix da Raleigh, su ɗaure maka gargare ya miƙe sambal, amma ba kowa ne a cikinsu ya taɓa saita giyar da ke cikin hannun birki ba. Ba laifinsu ba ne, ba ta cika zuwa musu ba. In bututun fok ɗin ya yi tsawo har sai an yanke, ka hau keken na 'yan makonni tukuna ka san tsayin da bayanka ke so, don abin da zarto ya ci ba ya dawowa.

Inda haɗawa ta fi shi ne zaɓi, kuma a Sakkwato wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kekunan tsere na hannu da yawa da siraran tayoyi masu milimita 23 suke zuwa, waɗanda aka yi don kwaltar Turai. Ka bi hanyar Wamakko ko ta Kware da su, ka sauka gefen titi don kauce wa babbar mota, tsidau da yashi za su gaya maka. Taya 28 ko sama da haka ta fi mana, in firam ɗin yana da wurinta. Wannan ka auna shi tun kafin ciniki, don tsofaffin firam da yawa a 25 suke tsayawa. A nan wani tarko yake: tayar keken tsere 700c ce, gargarenta milimita 622. Tayar Phoenix da ake ce wa inci 28 kuwa 635 ce, ba za ta zauna ba. Tiyub ɗin keken tsere ma siririn bawul gare shi, sai ka tanadi naka biyu ko uku da famfon da ke kama shi. Ƙurar hunturu kuma tana cin kaca da haƙora, shi ya sa na fi son Claris ko Sora a nan: kacarsu ta fi kauri, canjinta ya fi araha.

Haɗarin kowanne daban. Keke cikakke na iya ɓoye kaca da ta miƙe, haƙora da suka cinye, ko gargaren da birki ya rarake, amma za ka hau shi ka ji kafin ka biya. Firam zalla ba ya hawuwa. Ba za ka san ko ya karkace ko ya yi maka girma ba sai ka gama kashe kuɗinka. Wanke shi, ka duba bakin kowace walda a cikin rana. In ka ga tsaga ko siririya ce, bar shi, don alminiyam ɗin keke bayan walda sai an sake gasa shi a masana'anta, aikin da mai walda na bakin titi ba shi da kayansa.

Ni dai in kekenka na tsere na farko ne, cikakke zan ce ka saya, ka koyi kwancewa da ɗaurawa a jikinsa. Firam ɗin nan ka ɗauke shi ne kawai in ya cika waɗannan: girmanka ne, raminsa mai zare ne, bayansa 130, wayoyinsa ta waje suke bi, maratayin giyarsa na nan, kuma yana ɗaukar taya 28. In ya cika, kada ka bi kayan ɗai-ɗai. Nemi wani keken tsere na hannu da firam ɗinsa ya lalace ko ya yi wa mai shi kaɗan, ka kwashe giyarsa da birki da gargarensa gaba ɗaya ka mayar kan naka. Ka je wa mai firam ɗin da abin awo, ka turo mana lambobin da hoton ramin fedar kafin ka ba shi ko sisi.