Masu safiyon da suka auna mana gonar gado a Ungogo

Duk mai gona a gefen Kano, daga Ungogo har Kumbotso, ya san yadda abin yake tafiya. Dillali zai zo da mutanensa, a yi awon igiya, a yanka gona fuloti-fuloti, kafin ka ankara bulo ya tashi inda ake shuka gero da wake. Mu magada mun haɗa baki ba za mu sayar da tamu ba. Sai dai shaidar mai unguwa ce kaɗai a hannunmu, ga maƙwabcinmu na gabas ya riga ya sayar, masu gini sun fara ci mana iyaka. Shi ya sa na ɗauko wani kamfanin safiyo mai zaman kansa daga cikin gari.

Abin da ya fi burge ni, ba su taɓa na'ura ba sai da mai unguwa da maƙwabta suka hallara. Babbansu ya sa yayanmu a gaba, ya ce, "Baba, ku nuna mana inda Malam ya tsaya da noma." Suka bi layin gamba da bini-da-zugu da mahaifinmu ya dasa, har gindin ɗorawar da ke kusurwar arewa. A nan gardama ta tashi da mai sabon gini, don harsashinsa ya shigo da kusan taku biyu. Mai safiyon bai ɗaga murya ba, ya tono tsohon kututturen shingen ya nuna wa kowa. Aka kafa turken siminti a wurin, kowa na kallo.

Sun kuma faɗa mana gaskiya, ko da ba ta da daɗi: zanen safiyo ba takardar mallaka ba ne, sai an kai shi hukumar filaye an bi layi. Kuma tun dokar filaye ta 1978, filayen birni a hannun gwamna suke, gwamnati na iya karɓa don aikin jama'a ta biya diyya. Zanen dai yana tsare ka daga mai cin iyaka, da ɗan'uwan da zai sayar da yanki a ɓoye.

Inda suka ɓata min rai, batun kuɗi ne. An yi ciniki an gama, daga baya kuɗin mota ya ɓullo, kuɗin turaku ya biyo baya. Zanen ma sai da na yi ta sintiri kafin ya fito. Sannan wani yaronsu ya ja ni gefe yana cewa, "Alhaji, ai wannan in aka yanka ta za ku sha kuɗi, akwai mai saye." Wallahi maganar ta yi min ciwo. Ƙasar da aka shekara da shekaru ana kai wa taki a mangala daga birni, har ta yi laushi haka, shi fuloti kawai yake gani.

Duk da haka, wanda ke son riƙe gonarsa ina ba shi shawarar ya yi. A rubuta jimillar kuɗin tun farko, a yi aikin da rani bayan an kwashe kara, lokacin da iyaka ke fitowa sarai, kuma a tabbatar kowane magaji, har mata, ya sa hannu a gaban mai unguwa.