Bita Kan Hidimar Asibitin Matafiya Kafin Zuwa Ƙasa Mai Zafi da Damshi

A manyan birane da dama akwai asibitoci, ko sassa na musamman a cikin manyan asibitoci, waɗanda aikinsu shi ne duba mutum mai lafiya kafin ya bar gida, musamman idan ya nufi ƙasashen da suke kusa da tsakiyar duniya, inda zafi da ruwan sama da sauro suke tafiya tare. Na nemi hidimar ɗaya daga cikinsu lokacin da nake shirin zuwa Indunusiya, kuma a ganina kuɗin da na biya bai tafi a banza ba, ko da yake mafi yawan amfanin hidimar yana cikin tambayoyin da ake yi wa mutum tun kafin a ɗauko sirinji.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe ni ba ta gamsu da sunan ƙasar kaɗai ba. Ta nemi sanin tsibiran da zan taka, da watan da zan isa, da irin masaukin da zan kwana, da kuma ko zan shiga ƙauyuka da gonakin shinkafa ko birni kawai zan zauna. Dalilinta mai ƙarfi ne, domin a Jakarta da wuraren shaƙatawa na Bali haɗarin zazzabin cizon sauro kaɗan ne ƙwarai, amma wanda zai wuce gabas zuwa Papua yana shiga yankin da cutar ta yi katutu, inda shan maganin kariya ya zama wajibi. Ƙasa ɗaya ce, amma shirin matafiya biyu yana iya bambanta gaba ɗaya, kuma irin wannan tantancewar ce mutum ba ya samu idan ya dogara da abin da ya tsinta a intanet.

Bayaninsu kan magungunan kariya daga maleriya shi ne ya fi burge ni, domin sun shimfiɗa zaɓi uku ba tare da ɓoye aibin kowanne ba. Haɗin atovaquone da proguanil, wanda aka fi sani da Malarone, ana fara shi kwana 1 ko 2 kafin shiga yankin cutar, a ci gaba har kwana 7 bayan fitowa, sai dai ya fi tsada. Doxycycline ya fi araha, amma dole a ci gaba da sha har mako 4 bayan dawowa, yana sa fata ta riƙa saurin ƙonewa a rana, kuma ba a ba mai juna biyu ko yaro ɗan ƙasa da shekara 8. Mefloquine kuwa sau ɗaya ake sha a mako, a fara aƙalla mako 2 kafin tafiya, kuma ba ya dacewa da wanda ya taɓa fama da ciwon damuwa ko farfaɗiya. Sun kuma ja kunnen masu cewa sun saba da maleriya tun suna yara, cewa ɗan juriyar da jiki yake samu tana gushewa idan mutum ya daɗe a ƙasar da babu cutar.

Game da zazzabin dengi, wanda babu ƙwayar da ake sha don kauce masa, sun tunatar da ni cewa sauron Aedes mai ɗauke da shi da rana yake cizo, saɓanin Anopheles mai yaɗa maleriya da yake fitowa daga faɗuwar rana zuwa asuba, don haka gidan sauro kaɗai bai wadatar ba. Abin da suka ba da shawara shi ne man korar sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari, a shafa shi bayan man kariya daga rana, sannan idan zazzabi ya zo a tsaya kan farasitamol a guji asfirin da ibuprofen, saboda suna iya tsananta zubar jini.

Batun takardu ma sun yi shi da kyau. Babu zazzabin shawara a nahiyar Asiya, amma Indunusiya tana neman katin riga-kafinsa daga wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar. Katin yana fara aiki ne kwana 10 bayan allurar, kuma tun shekarar 2016 dokokin Hukumar Lafiya ta Duniya suka mayar da shi na tsawon rai, saboda haka ba su nemi sake yi mini allurar da na riga na yi ba, abin da na ɗauka alamar gaskiya ce a wurin da yake samun kuɗi daga kowace allura. Sun yi mini ta taifod da ta ciwon hanta nau'in A, suka kuma yi doguwar magana kan cutar haukan kare, wadda ta ɓulla a Bali a 2008: duk wanda kare ko biri ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nemi asibiti nan take, ko da an yi masa riga-kafi tun farko.

Inda hidimar ta gaza shi ne abin da ya wuce allura da ƙwaya. Ba a ce mini komai ba kan daminar da take sauka a yawancin Indunusiya daga kusan Nuwamba zuwa Maris, alhali ita ce take ƙara yawan sauro, take kuma hana jiragen ruwa tashi tsakanin tsibirai. Zafi mai damshi, wanda gumi ba ya bushewa a cikinsa har jiki ya huce, jimla ɗaya aka ba shi, inshorar lafiya kuwa sai da na tambaya. Haka nan a ƙarshen ganawar an yi ta tallata mini jakar magungunan gaggawa da asibitin yake haɗawa, wadda abin da ke cikinta, kamar ƙunshin gishiri da sukari na masu gudawa da bandeji, ana samunsa da sauƙi a kowane kantin magani. Wannan ya ɗan rage wa zaman armashi.

Takardar da suka ba ni in tafi da ita ta rama wani ɓangare na wannan gibin, domin ta bayyana cewa maleriya ba ta nuna kanta kafin kwana 7 da cizon, kuma tana iya ɓuya watanni, don haka duk zazzabin da ya biyo bayan dawowa dole a gaya wa likita inda aka je. Wanda zai nemi irin wannan hidima ya je mako 4 zuwa 6 kafin ranar tashi, riƙe da tsofaffin katunan riga-kafinsa da sunayen magungunan da yake sha, domin wasu alluran sai an maimaita su, wasu kuma suna buƙatar kusan mako 2 kafin su fara kare jiki.