Fayawol ɗin da ya rufe wa kwamfuta ƙofar fita

Amfanin fayawol, wato mai gadin saƙonnin da ke shiga da fita daga kwamfuta, da ke zuwa cikin wani antibairos mai lasisin shekara guda da nake amfani da shi yana wajen tsaron fita ne. Rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ta riga ta tare yawancin abin da ke neman shigowa daga waje, don tsarinta na NAT, wanda ke sa na'urorin gida su fita intanet da adireshi guda, ba ya shigar da saƙon da ba wani na cikin gida ne ya nema ba. Abin da rauta ba ta sani ba shi ne wace manhaja ce ke zuƙe data a ɓoye. A nan kam fayawol ɗin ya burge ni: zai nuna maka manhajar da sunanta, da adireshin da take nema, da lambar fot, wato ƙofar da saƙon ke bi, ka bari ko ka hana. Duk mai sayen data da guminsa zai so wannan.

Tsiyar tana cikin matakinsa na tsauraran dokoki. Ka kunna shi, komai na tafiya lafiya lau, shafuka na buɗewa, don ya bar fot 53 na DNS, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, da 80 da 443 na buɗe shafuka. Kashegari sai ka tarar Wi-Fi a haɗe, intanet babu. Waya kuma tana aiki sarai a kan MiFi ɗin guda. Ka buga umarnin ipconfig mai nuna saitin haɗin kwamfuta, sai ka ga adireshin kwamfuta ya koma mai farawa da 169.254, gurbin getwe, wato adireshin rautar da ake bi a fita intanet, kuwa wayam. Ma'ana kwamfutar ta nemi adireshi ba ta samu amsa ba, ta laƙa wa kanta na jeka-na-yi-ka wanda ba ya kai ta ko'ina.

Dalili shi ne matakin ya toshe DHCP, wato tsarin da rauta ke raba wa na'urori adireshi da shi. Adireshin da rauta ke bayarwa aro ne, a rautoci da yawa na awa 24. In rabin wa'adin ya cika, wato awa 12, kwamfuta takan nemi sabuntawa. In shiru, ta sake gwadawa wajen awa 21. Wa'adi na cika ta saki adireshin. Shi ya sa ɓarnar ba ta bayyana sai bayan kwana guda, lokacin da babu mai tuna cewa ya taɓa fayawol. Sai a ɗora wa kamfanin layi laifi, a yi ta kashe rauta ana kunnawa a banza.

Gyaran da kowa ke fara yi shi ne ba wa adireshin getwe izini, misali 192.168.8.1. Bai isa ba. Kwamfutar da ba ta da adireshi ba ta san inda rauta take ba, shela take yi daga 0.0.0.0 zuwa 255.255.255.255. Dole a rubuta doka ta UDP, wato irin saƙon da DHCP ke amfani da shi, fita zuwa fot 67, shigowa ta fot 68, ba tare da ɗaure ta da adireshi ɗaya ba, kuma a ɗora ta sama da dokar hana-komai, don daga sama fayawol ɗin yake karanta jerin dokokin. Sannan a buga ipconfig /release don sakin tsohon adireshi, sai ipconfig /renew don neman sabo. A buɗe ICMP ma, wato saƙon da umarnin ping ke aikawa don gwada ko na'ura na amsawa, in ba haka ba ping zuwa rauta zai nuna kamar ta mutu alhali garau take. Kuma a sani, izinin getwe ba shi ne izinin intanet ba: saƙon da ke fita yana ɗauke da adireshin shafin da aka nufa ne, ta rauta kawai yake ratsawa.

Da iyakar abin ke nan da na yafe. Amma kundin da ya kamata ya rubuta abin da aka toshe a kashe yake zuwa, sai ka tono shi can cikin saituka. Ga kuma amintaccen yanki, wato adireshin na'urorin gida da ya yarda da su, da yake ɗaurewa da lambobin rautar farko. Ka koma wata mai 192.168.0.1, firinta ta ɓace, don an rufe fot 9100, raba fayil ta fot 445 ma ya tsaya, ba ko gargaɗi. Na yaba masa a farko, amma in lasisin ya ƙare ba zan sabunta ba. Wanda ya riga ya saya, ya kunna kundin tun kafin ya taɓa tsauraran dokokin.