Ragar roba ta ɗora wake: tana aiki, amma sai da ƙarfe a samanta

Ragar da nake nufi ita ce ta roban nan mara nauyi, fara ko koriya, da ake sayarwa a naɗe domin shuke-shuke masu yaɗo. Idanunta kamar santimita 15 kowane gefe, tsayinta kuma ya kusa mita 2. Na kafa ta ne a lambun gida saboda koren wake mai hawa, irin da ake kira Kentucky Wonder, tsohon iri daga Amurka da ake nomawa tun ƙarni na 19. Yaɗonsa yakan zarce mita 2 ba wata wahala, kuma cikin kwana 65 zuwa 70 da shuka ake fara tsinka.

Wajen kafawa ba ni da ƙorafi. Mutum ɗaya ya isa ya warware ta ya ɗaure, almakashi yana yanka ta daidai tsawon kunya, ruwan sama kuma ba ya ruɓar da ita. Hannu yana shiga idon ya fito da wake ba tare da an karya reshe ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin wake mai hawa sai ana tsinkarsa duk bayan kwana 2 ko 3. In aka bar kwanso ya ƙosa a jikinsa, sai ya rage fure, ya tattara ƙarfinsa kan ƙwaya.

Abin da takardar da ke jikin ledar ba ta faɗa ba shi ne ragar ba ta riƙe komai da kanta. Hoton ya nuna ta a miƙe tsakanin sanduna biyu, kyakkyawa da ita. Haka take a makonnin farko, lokacin da yabanya ba ta da nauyi. Da ganye ya rufe ta, aka yi ruwa, iska ta kaɗa, sai tsakiyarta ta lotsa, waken da ya kamata ya rataya a sama ya koma yana shafar ƙasa. A nan ne ruɓa da tsatsar ganye suke samun ƙofa, tunda iska ta daina ratsawa. Dole sai an gitta bututun ƙarfe ko gora mai kauri a sama, an ɗaure ragar a jikinsa ido bayan ido, an kuma kafa turaku da zurfi, kada tazararsu ta wuce mita 2. Ƙasan ma a ja shi da waya ya yi tsam. In aka yi haka ba ta motsi.

Akwai kuma wani abu da na lura da shi wanda ya sa nake ganin asali ba don wake aka ƙera ta ba. Kokwamba tana da ’yan siraran zare da take kama duk abin da ta taɓa, a tsaye yake ko a kwance. Wake ba shi da su. Jikinsa gaba ɗaya yake naɗewa a abin da ke tsaye, yana juyawa saɓanin hannun agogo in ka leƙa shi daga sama. Ke nan rabin zaren ragar, wanda ke kwance, ba ya yi masa amfanin komai, wani lokacin ma kan yaɗon yakan ci karo da shi ya karkata gefe ya hau maƙwabcinsa. Nakan bi su da safe in mayar da su hanya. Wanda zai yi haka ya jira raɓa ta bushe tukuna, domin taɓa wake da danshi a ganye yana yaɗa cuta, kuma ya naɗa yaɗon ta ɓangaren da waken yake so, in ba haka ba zai warware.

Ba komai ne laifin raga ba. In fure yana zuba, a duba zafi, don wannan wake ba ya ɗaure ’ya’ya sosai idan zafi ya haura digiri 32. In kuma ganye ya yi duhu babu fure, taki mai naitirojin ne ya yi yawa, saiwarsa ma tana samar masa da wani kaso da kanta.

Inda ta ɓata mini rai da gaske shi ne ƙarshen kaka. Busasshen yaɗo ya sarƙe a kowane ido, ba ya zarewa sai an bi shi da almakashi guntu-guntu, rana kuma ta riga ta ci roban, ana ja yana tsinkewa, ɓurɓushinsa na zuba cikin ƙasar da za a sake shukawa. Da igiyar rama ce aka sako daga sama, ɗaya ga kowane tushe, da an yanke ta tare da harawar an zuba a ramin taki su ruɓe tare.

Mai kokwamba da wake a kunya ɗaya ya saye ta, za ta yi masa. Ni dai ƙarfen sama da turakun zan bari a inda suke, ragar kuma ta koma ɓangaren kokwamba, waken bana igiya zai hau.